Rukunin Jini, Ƙarancin Jini da Zazzaɓin Denge: Wanne Ya Kamata Ya Fi Damun Mu?

Duk shekara damina na faɗuwa, sai wani saƙo ya dawo yana yawo a WhatsApp da Facebook: wai sauro ya fi son masu rukunin jini O, saboda haka su ne za su fi kamuwa da cututtukan da yake yaɗawa. Masu rukunin O sukan zo asibiti da wannan tambaya cikin damuwa, masu A da B kuwa su ji hankalinsu ya kwanta. A da muna iya ɗaukar maganar a matsayin hirar majalisa. Yanzu kuwa ta cancanci amsa ta tsanaki, domin zazzaɓin denge, wanda a baya ake jin labarinsa a Asiya da Kudancin Amurka, ya iso ƙofar gidanmu.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum sama da miliyan 6.5 da suka kamu da denge. A 2024 adadin ya haura miliyan 14, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma Brazil kaɗai ta ƙirga sama da miliyan 6. A yankinmu, Burkina Faso ta fuskanci annoba mai tsanani a 2023, inda aka yi zargin cutar a jikin mutum sama da 140,000, kusan 700 kuma suka rasu, akasarinsu a Wagadugu da Bobo Julaso. A watan Agustan 2023 Chadi ta sanar da ɓarkewar cutar a garin Abeche. A ƙarshen 2023 kuma hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta tabbatar da ɓullarta a jihar Sakkwato, inda gwaji ya nuna mutum 13 sun kamu. Sudan ma ta sha fama da ita a Gadarif da wasu jihohi.

To, mene ne alaƙar jinin mutum da wannan cuta? Akwai alaƙa, amma ba a inda yawancin mutane ke nemanta take ba. Rukunin jini, wanda aka fi yin magana a kai, shi ne mafi ƙarancin tasiri. Abin da ke iya raba rai da mutuwa shi ne yawan jinin da ke jikin majinyaci kafin ciwon ya zo, da kuma ko yana da sikila.

Ba duk zazzaɓin sauro ne maleriya ba

Maleriya ƙwayar cuta ce mai rayuwa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma sauron Anofilis ne ke ɗauko ta, wanda ya fi cizo da dare. Denge kuwa bairos ce, kamar 'yan uwanta cutar shawara da Zika da cikungunya. Sauron da ke yaɗa su daban ne, sunansa Edis. Ƙarami ne, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa magariba. Ba ya neman kududdufi ko kwata. Ruwa mai tsabta da aka ajiye yake so: randa, tulu, duro, jarka, tankin da ba murfi, tsohuwar taya, gwangwani, har da ledar ruwa da aka jefar.

Bairos ɗin denge iri huɗu ne. Wanda ya kamu da iri ɗaya ya samu kariya daga wannan irin, amma idan wani iri daban ya same shi daga baya, haɗarin ciwon ya yi tsanani ya fi na farko. Alamomi kan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, ciwo a bayan idanu, ciwon gaɓoɓi da tsoka, tashin zuciya, wani lokaci da ƙuraje. Yawancin masu kamuwa suna warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, wasu ma ba sa sanin sun kamu.

Cutar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Tun a shekarun 1960 aka gano bairos ɗin a jinin masu zazzaɓi a Ibadan. Abin da ya ɓoye ta shi ne yadda muka saba: duk zazzaɓi sunansa maleriya, in ya ƙi jin magani ya zama taifot. Maganin maleriya ba ya taɓa denge, haka ma magungunan kashe bakteriya. Kuma gwaji ya nuna maleriya ba ya nufin babu denge, don mutum na iya ɗauke da duka biyun a lokaci guda.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Idan mutum ya ce "na san jinina", yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku da ba su da haɗi da juna.

Na farko rukunin jini: A, B, AB ko O, tare da alamar fozitif ko negetif. Wannan wata alama ce a fatar jajayen ƙwayoyin jini, gado ake yi, ba ta canzawa har abada. Babban amfaninta a wajen ƙarin jini ne da kuma kula da mai ciki. Kusan rabin 'yan Najeriya rukunin O ne, masu AB kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba.

Na biyu jinotayif: AA, AS, AC, SS ko SC. Wannan nau'in sinadarin himogulobin ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin, shi ne ake gwadawa kafin aure, kuma shi ke nuna ko mutum na da sikila. Shi ma ba ya canzawa.

Na uku yawan jini, wanda ake aunawa da gwajin PCV ko na himogulobin. Wannan yana hawa yana sauka gwargwadon abinci, ciwo, ciki da zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar namiji baligi a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa bai kai 13 ba, mace idan bai kai 12 ba, mai ciki kuma idan bai kai 11 ba.

Mutum na iya zama O, AA, kuma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Wani kuma AB ne, AS, jininsa cike. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da tasa alaƙar da denge.

Shin sauro na zaɓar rukunin O?

Maganar tana da tushe. A 2004 masu bincike a Japan sun sa mutum 64 suka miƙa hannayensu ga wani nau'in sauron Edis, suka ga ya fi sauka a kan masu rukunin O fiye da masu rukunin A, kusan ninki biyu a wani ɓangaren gwajin. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1970, an samu sakamako mai kama da haka da sauron maleriya. Sai dai wasu da suka sake gwajin ba su ga wani bambanci ba, wasu kuma suka ga sauron ya fi karkata ga wani rukunin daban. Gwaje-gwaje ne na mutane ƙalilan a ɗakin bincike, kuma sun yi ta saɓa wa juna.

Abin da ya fi tabbata shi ne sauro na bin iskar da muke fitarwa a numfashi, da ɗumin jiki, da warin fata. A 2022 masana a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka sun nuna cewa mutanen da sauron Edis ya fi bi su ne masu yawan wasu sinadarai masu tsami a maiƙon fatarsu, kuma wannan hali na dawwama tare da mutum tsawon shekaru. Mata masu ciki ma sauro ya fi kusantar su, saboda jikinsu ya fi ɗumi kuma numfashinsu ya fi yawa.

Ko da a ce zancen O gaskiya ne, ba zai canza komai a aikace ba. Sauron da ya ƙyanƙyashe a randar tsakar gida ba zai kwana da yunwa don bai samu mai O ba. Cizo ɗaya daga sauro mai ɗauke da bairos ya isa. Illar wannan saƙo ita ce yana sa rabin jama'a su saki jiki.

Rukunin jini da tsananin ciwo

Tambaya ta biyu ita ce ko rukunin jini na sa ciwon ya yi tsanani bayan an kamu. A nan ma akwai bincike. Wanda ya fi shahara an wallafa shi a 2007, a kan yara a Tailan. Ya nuna cewa a cikin yaran da suka kamu da denge karo na biyu, masu rukunin AB sun fi sauran faɗawa cikin matsanancin hali. Lura da cewa AB aka ambata a nan, saɓanin O da ake yayatawa. An sake duba lamarin a Indiya da Siri Lanka, wasu suka ga abin da aka gani a Tailan, wasu suka ga akasinsa. Tunda masu AB kaɗan ne a kowace al'umma, mutum biyu ko uku na iya juya sakamakon ƙaramin bincike. Shi ya sa ƙa'idojin kula da masu denge ba su sa rukunin jini a jerin abubuwan da likita zai duba don yanke shawarar kwantar da majinyaci ba.

Inda alaƙar rukunin jini ta fi ƙarfi shi ne maleriya, kuma a can O alheri ne. Binciken da aka yi a kan yara a Mali, aka wallafa a 2007, ya nuna masu rukunin O sun fi sauran tsira daga maleriya mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. Dalili kuwa shi ne jajayen ƙwayoyin da maleriya ta shiga sukan manne da lafiyayyu su yi curi, su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan mannewa ba ta da ƙarfi a jinin O. Duk da haka yara masu O suna kamuwa da maleriya, wasu ma tana kashe su. Ke nan ko a inda hujja ta fi ƙarfi, rukunin jini bai isa ya maye gurbin gidan sauro ba.

Ƙarancin jini: inda haɗarin yake

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Wato denge na shigowa ne cikin al'ummar da fiye da rabin mata da ƙananan yaranta jininsu bai cika ba. Wannan na da illa ta fuska uku.

Ta farko tana buƙatar a fahimci yadda denge ke kisa. Lokacin haɗari yana zuwa ne tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai lokacin da zazzaɓi ke sauka, iyali suna murna sauƙi ya samu. A wasu majinyata, ƙananan jijiyoyin jini sukan fara yoyo, ruwan jinin ya tsiyaye zuwa cikin ciki da ƙirji, jajayen ƙwayoyin su rage a ciki. Jini ya yi kauri, bugunsa ya faɗi, gaɓoɓi su rasa isasshen jini. Yoyon kan ɗauki awa 24 zuwa 48. Idan an gano shi da wuri aka ba da ƙarin ruwa bisa ƙa'ida, masu mutuwa ba sa kai 1 cikin 100.

Babbar hanyar da likita ke gane yoyon ita ce hawan PCV. Idan ya hau da kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan yadda mutum ya saba, alama ce mai ƙarfi. A ɗauka wata mata PCV ɗinta na yau da kullum 25 ne saboda ƙarancin jini. A kwana na huɗu na zazzaɓi an gwada an ga 31. Wanda bai san 25 ɗin ba zai ce jininta ya ɗan yi ƙasa, a ba ta maganin ƙarin jini ta koma gida. Wanda ya sani kuwa zai ga hawan ya kai kashi 24 cikin 100, wato jijiyoyinta na yoyo, kuma a daren nan tana buƙatar gado a asibiti. Lamba ɗaya ce, amma fassararta ta dogara ga tsohuwar takardar gwaji da wataƙila an naɗe ƙosai da ita. Ƙarancin jini na ɓoye alamar da likita ya fi dogara da ita.

Fuska ta biyu ita ce rashin abin ajiya. Denge na rage ƙwayoyin filatilet masu taimaka wa jini ya daskare, kuma tana iya haddasa haɓo, zubar jini daga dasashi, amai ko bayan gida mai jini, ko jinin al'ada mai yawa. Mai himogulobin 14 zai iya rasa jini ya jure. Mai 7 kuwa zubar da ba ta kai ta kawo ba na iya kai shi ga gazawar zuciya. Mai ciki da ta zo haihuwa da denge a jikinta ga kuma ƙarancin jini tana cikin haɗarin zubar jini mai tsanani, ga kuma yiwuwar haihuwar bakwaini.

Fuska ta uku ta shafi al'umma baki ɗaya. A 2019 masana daga Jami'ar Tsinghua ta Sin da abokan aikinsu a Amurka sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa yawan sinadarin ayon a jini na da tasiri a kan ko sauro zai ɗauki bairos ɗin. Sauro na amfani da ayon ɗin da ya sha a jini wajen kare hanjinsa daga bairos. Da suka shayar da sauro jini mai ƙarancin ayon, sai adadin waɗanda suka ɗauki denge ya ƙaru. Da suka ƙara ayon, adadin ya ragu. An yi aikin ne a ɗakin bincike, da jinin mutane da kuma ɓeraye, saboda haka hasashe ne mai tushe cewa unguwar da ƙarancin ayon ya yi yawa na iya zama wurin da cutar za ta fi saurin yaɗuwa. A lura da abin da binciken ya ce: ayon yana rage yiwuwar sauro ya ɗauka daga jikin mara lafiya. Bai ce shan ayon na hana mutum kamuwa ba.

Masu sikila

Idan akwai rukunin mutanen da ya kamata wannan magana ta fi isa gare su, to masu sikila ne da iyayensu. Ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, adadi mafi yawa a duniya.

Tun annobar denge ta Kyuba a 1981, wadda ta kashe mutum 158, likitocin can suka lura sikila na cikin cututtukan da ke sa ciwon ya rikiɗe. A 2015 likitoci a Jamaika sun wallafa abin da suka gani: a cikin masu sikila da aka tabbatar sun kamu da denge, kusan 1 cikin 8 ya rasu, alhali a sauran jama'a ba a kai 1 cikin 200 ba. Wani abin mamaki shi ne masu SC, waɗanda aka saba ɗauka ciwonsu ya fi sauƙi, sun fi masu SS shiga haɗari. Majinyatan da aka duba ba su da yawa, amma saƙon a fili yake.

Dalilan suna da yawa. Jijiyoyin mai sikila dama a wahale suke, denge kuma jijiyoyi take taɓawa. Zazzaɓi da amai na busar da ruwan jiki, bushewa kuma na tayar da ciwon sikila. Ƙarin ruwa da ya wuce kima shi ma na iya cika huhu. PCV ɗin mai sikila dama a ƙasa yake, saboda haka hawansa na iya wucewa ba a lura ba.

Ga kuma tarko mafi muni. Ciwon ƙashi da gaɓoɓi na denge yana kama da tashin sikila. Abin da aka saba yi a gidaje da yawa shi ne a aika kemis a sayo ibufurofen ko daikulofenak, ko a kira mai allura. Waɗannan magunguna, tare da asfirin, suna hana filatilet aiki kuma suna cin bangon ciki. A jikin mai denge suna iya buɗe ƙofar zubar jini. Allurar tsoka ma na iya tara jini a inda aka yi ta. Don haka a lokacin da ake jin labarin denge a gari, mai sikila da ya yi zazzaɓi ya je asibiti a ranar, ba tare da jiran ganin yadda za ta kaya ba. Masu AS su sani cewa kariyar da suke da ita daga maleriya mai tsanani ba ta shafi denge ba.

Inda sanin rukunin jini ke ceton rai

Duk wannan ba ya nufin sanin rukunin jini aikin banza ne. Ranar da majinyaci ya zubar da jini aka ce a kawo leda biyu cikin dare, iyalin da suka san rukunin kowa a gida sun riga sauran da awanni. Wannan ya fi muhimmanci ga masu negetif, waɗanda ba su wuce kimanin 5 cikin 100 na jama'armu ba, jininsu kuma wuyar samu gare shi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani game da ƙarin jini a lokacin denge. Na ɗaya, saukar filatilet kaɗai ba dalili ba ne na ƙarin jini ko ƙarin filatilet ga majinyacin da ba ya zubar da jini, don yakan dawo da kansa bayan kwanaki. Kada iyali su matsa wa likita, kada kuma su kashe kuɗinsu a kan haka. Na biyu, bairos ɗin na iya bin jinin da aka ba da. Wanda yake zazzaɓi ko bai daɗe da warkewa ba ya faɗa wa ma'aikata gaskiya, ya bari wani ya bayar.

A gyara jini, amma da ilimi

Wani zai karanta wannan ya ruga kemis ya sayi kwalbar maganin ƙarin jini. A dakata. Ba duk ƙarancin jini ne daga rashin ayon yake ba. Maleriya, tsutsar ciki, tsargiya, haihuwa kusa-kusa, yawan jinin al'ada, gyambon ciki da ciwon ƙoda duk suna kawo shi, kuma kowanne da maganinsa. Mai sikila, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, sau da yawa ayon ya yi masa yawa ne, ƙari kuma na iya cutar da hantarsa da zuciyarsa. Ga yara ma akwai darasi daga tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda wani babban gwaji da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa ba yara ayon barkatai a wurin da maleriya ta yi yawa, ba tare da kariya daga gare ta ba, ya ƙara yawan waɗanda aka kwantar a asibiti. Shi ya sa ake haɗa ba da ayon da gidan sauro da gwaji da maganin maleriya.

Hanyar da ta dace ita ce a yi gwaji, a gano dalili, a sha abin da aka rubuta har tsawon lokacin da aka ce. A ɓangaren abinci, hanta, nama, kifi, wake, zogale, alayyahu da rama suna da amfani. Cin su tare da lemo, gwaba ko tumatir na taimaka wa jiki ya tsotse ayon, shan shayi a kan abinci kuwa na rage tsotsewar. Lemon malt da madara na ba da ƙarfi na ɗan lokaci, amma ba sa ƙara jini. Jan launin zoɓo ma ba jini ba ne.

Abin da iyali za su yi

A ajiye takardun gwaji wuri guda, a rubuta rukunin jini, jinotayif da PCV na ƙarshe na kowane ɗan gida, musamman mai sikila da mai ciki da ƙananan yara. A ɗauki hotonsu a waya. Duk ranar da aka je asibiti da zazzaɓi a nuna wa likita.

A yi gwaji kafin shan maganin maleriya. Idan gwajin bai nuna komai ba, ko an sha magani kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, a koma a tambayi likita ko akwai yiwuwar denge. Gwajin NS1 na gano ta a kwanakin farko na ciwo.

Don zazzaɓi da ciwon jiki a tsaya ga farasitamol, bisa adadin da aka ƙayyade, domin wuce kima na lalata hanta. A yawaita shan ruwa, kunu, romo da ruwan gishiri da sukari.

A sa ido sosai a ranar da zazzaɓi ya sauka da kwana biyun da ke biye. A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga hanci ko dasashi, baƙin bayan gida, numfashi da sauri, sanyin hannuwa da ƙafafu, raguwar fitsari, yawan barci ko rashin natsuwa.

A kwantar da mai zazzaɓi cikin gidan sauro ko da rana ne. Sauron da ya cije shi zai iya fara yaɗa cutar ga sauran 'yan gida bayan kwana 8 zuwa 12.

Sau ɗaya a mako a juye randa da duro da mazubin ruwan dabbobi, a goge bangonsu da soso, sannan a rufe. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, domin ƙwan Edis na mannewa a bango kuma yana jure bushewa tsawon watanni. Sauron ba ya tafiya mai nisa, don haka wanda ke cizon ku galibi a gidanku ko na maƙwabta aka haife shi. Aikin na dukan layi ne.

A tabbatar kowa ya yi allurar rigakafin shawara. Ana yi wa yara ita a wata 9, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Rigakafin denge da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi katutu bai shiga jerin alluran yara na Najeriya ba, saboda haka kariyarmu a yanzu tana ga murfin randa da saurin zuwa asibiti.

Abin da ya rage wa hukumomi

Akwai nauyin da iyali ba za su iya ɗauka ba. Muddin famfo ba ya kawo ruwa, mutane za su ci gaba da tara shi a duro da jarkoki, sauron Edis kuma zai ci gaba da samun masauki. Muddin ƙananan asibitoci ba su da kayan gwajin denge, za a ci gaba da kiran ta maleriya, alƙaluma kuma za su ci gaba da nuna kamar babu ita. Asibitocin masu sikila da na awon ciki su ne ya kamata a fara kai wa kayan gwajin da horon ma'aikata, tunda a can ne masu haɗarin suke taruwa. Yaƙi da ƙarancin jini a tsakanin mata da yara, wanda aka daɗe ana ɗauka a matsayin batun abinci kawai, yanzu ya zama wani ɓangare na shirin tunkarar annoba.

Idan saƙon rukunin O ya sake shigowa wayarku a wannan daminar, kada ku tura shi gaba. Ku tambayi wanda ya aiko muku yaushe rabonsa da gwada PCV, kuma ko randar gidansu na da murfi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu baki ɗaya.